Kafin Mu Ci Bashi Mu Sayi Awarwaron Ciwon Gwiwa

(Jawabin da aka gabatar a madadin mambobi 'yan kasuwa, ranar bikin zagayowar kafa ƙungiya)

Hajiya Shugaba, iyayen ƙungiya, malamanmu na ajin yaƙi da jahilci, 'yan'uwa mambobi, da iyayen gida da 'ya'yanmu da suka rako mu, sannunku da zuwa. Barkanmu da ganin wannan rana, Allah Ya maimaita mana.

An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a madadin mata 'yan kasuwa, aka ce mu zaɓi abin da ya fi damunmu. Da muka zauna shawara, wasu suka ce tsadar kaya, wasu suka ce kuɗin mota. To waɗannan kowa ya san su, kuma maganinsu ba a hannunmu yake ba. Sai muka tsaya a kan abin da yake hannunmu, wato kuɗin da ke fita daga adashinmu da rancen ƙungiya yana tafiya wajen sayen kayan da ake cewa suna warkar da ciwon jiki ba tare da an sha komai ba. Awarwaro mai mayen ƙarfe, abin wuya mai "ƙarfin halitta", bel ɗin ɗaura wa ƙugu, faifan gilashin da ake ɗora kofi a kai wai ya gyara ruwan sha, har da katifa. Kun dai san su. A wannan zauren ma in aka duba wuyan hannu za a gani, kuma wallahi ba don mu kunyata kowa muka ɗauko zancen ba.

Ciwon dai gaskiya ne, wannan babu musu. Mace ta tashi da asuba ta ɗora girki, ta ɗauki kaya a ka, ta wuni a tsaye ko a tsugune gaban tire, ta haifi shida ko takwas, shekara arba'in tana cika gwiwa ta fara magana, ƙugu ya amsa mata. Akwai iyayenmu a nan da sai a kan kujera suke sallah. Ma'aikaciyar jinyar da malamarmu ta gayyato ajinmu ta ce mana a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da amosanin gaɓɓai irin na zaizayewar gaɓa, kuma a cikin kowane goma, shida mata ne. Irin wannan ciwo ba ya tafiya da allura guda. Mutum ya je asibiti ya bi layi, likita ya duba shi a gurguje ya rubuta masa ƙwaya, ya sha ta ƙare, ciwo ya dawo. Ga tsoron ƙwayar kanta, don mun ji tana taɓa ciki da ƙoda. Ana cikin haka sai ga wani tsaf-tsaf da jaka da murmushi, ya zauna ya saurare ki har ki gama, ya ce ga abin da za ki ɗaura kawai. Ai wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Amma mu 'yan kasuwa ne. Ba ma sayen buhun wake sai mun soka hannu har ƙasa mun duba ƙwari. Atamfa sai mun murza bakinta mun ga ko sitaci ne ya cika ta. Sarƙar gwal sai an kai wa masu gwal sun goga. Me ya sa kayan da ya kai kuɗin buhun shinkafa, wani ma ya fi, shi kaɗai za mu karɓa da "an ce"?

Bari mu fara da bayanin masu tallar. Sukan ce jini akwai ƙarfe a cikinsa, mayen ƙarfe kuwa yana jan ƙarfe, don haka zai jawo jini zuwa inda ke ciwo. Magana ce mai daɗin ji. Kuma gaskiya ne akwai sinadarin ƙarfe a jini, shi ya sa ake ba mai ciki ƙwayar ƙarin jini a wajen awo. Sai dai duk jikin babban mutum abin da ke ciki bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, kuma a haɗe yake da wasu abubuwa ta yadda mayen ƙarfe ba ya jan sa kamar yadda yake jan ƙusa. Ranar da kika yanka kaza, ki kawo awarwaron kusa da jinin ki ga ko zai motsa. A manyan asibitoci akwai na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da ake kira MRI. Mayen ƙarfen da ke cikinta yana iya fizgo kujerar ƙarfe daga nesa, shi ya sa ake sa mutum ya cire ɗankunne da makulli kafin ya shiga ɗakin. Mutane na kwanciya a cikinta kullum suna fitowa, jininsu bai taru a wuri guda ba, kuma ba a taɓa sallamar mai ciwon gwiwa an ce na'urar ta warkar da shi ba. In wannan ƙatuwar ba ta ja jini ba, ɗan ƙwayar da bai kai girman wake ba ina ya isa?

Ga wani gwajin da ba ya cin ko sisi. Ki ɗauki allura, ki ga awarwaron ya ɗauke ta. Sai ki ninka zani gida huɗu ko takwas ki sa a tsakani, ki sake gwadawa. Ƙarfin mayen ƙarfe yana raguwa da sauri da zarar an ɗan matsa nesa da shi. Abin da ninkin zani ya tare, ta yaya zai ratsa fata da kitse da nama ya kai cikin gaɓa? Balle a ce yana wuyan hannu, ciwon yana gwiwa. Mayen ƙarfe yana da aikinsa na gaskiya fa, teloli na tsince allura da shi, shi ke riƙe ƙofar firji, yana cikin sifikar rediyo. A can ya iya aiki.

To amma wata za ta ce, "Ni dai na ɗaura kuma na ji sauƙi." Ba mu ƙaryata ki ba, 'yar'uwa. Wannan maganar ita ce ta fi kowace nauyi, shi ya sa za mu ɗan daɗe a kanta. Malamarmu ta kawo mana wani labari a darasin karatu wanda ya buɗe mana ido, kuma abin ya faru tun kafin a haifi kakannin kakanninmu.

A shekarar 1796 wani likita a Amurka mai suna Elisha Perkins ya fito da wasu 'yan sandunan ƙarfe guda biyu, tsawonsu kamar ɗan yatsa. Ya ce in aka shafa su a inda ke ciwo suna zuƙe mugun lantarkin da ke jiki. Kasuwa ta buɗe masa, manyan mutane suka saya, kaya suka haye har Ingila ana sayarwa da tsada, masu ba da shaida kuwa ba sa ƙirguwa. Sai a 1799 wani likita a garin Bath na Ingila, John Haygarth, ya sa aka sassaƙa masa irinsu sak da itace, aka shafa fenti suka yi kamar ƙarfe. Ya gwada a kan mutum biyar masu daɗaɗɗen ciwon gaɓɓai, bai gaya musu na itace ne ba. Huɗu daga ciki suka ce sun ji sauƙi. Washegari aka gwada musu na ƙarfen na gaske, sakamakon bai bambanta ba. Kun ji ko. Mutanen nan ba ƙarya suka yi ba, sun ji sauƙin. Amma itace ne. Abin da ya yi aiki shi ne tsammanin da suka sa a ransu da kulawar da aka nuna musu.

Wannan dabarar ta Haygarth ita ake bi har yau: a yi na gaske, a yi na bogi mai kama da shi, a raba wa masu ciwo ba tare da sun san wanne suka samu ba. A 2002 asibitin Mayo na Amurka ya yi haka da wani awarwaro mai suna Q-Ray, wanda ake talla wai an cusa masa wani ƙarfi na musamman. Mutum 610 aka gwada, rabi da na kamfanin, rabi da na bogi, har mako huɗu. Duka ɓangarorin biyu suka ce ciwo ya ragu, kuma babu wanda ya fi wani. A 2006 kotu a can ta yanke cewa tallar yaudara ce, ta umarci a mayar wa masu saye kuɗinsu, abin da zai iya kaiwa dala miliyan 87. A 2013 kuma masu bincike na Jami'ar York a Ingila suka ba mutum 70 masu amosanin gaɓɓai irin mai kumburi abubuwa huɗu su ɗaura bi da bi, kowanne mako biyar: mai mayen ƙarfe sosai, mai rauni, wanda aka kashe ƙarfinsa gaba ɗaya, da awarwaron jan ƙarfe. Aka bi ciwonsu, aka auna jininsu. Babu wanda ya nuna wani amfani da ya wuce na bogin.

Bayan tsammani akwai halin ciwon kansa. Ciwon gaɓa yana da ranakunsa, ya tashi ya lafa, ya matsa bayan ranar kasuwa, ya sassauta in an huta. Yaushe mace take zare kuɗi ta sayi awarwaro? Ranar da ciwon ya kai maƙura, ta kasa barci. Daga maƙura kuwa sai sauka, ko an ɗaura ko ba a ɗaura ba, sai yabon ya tafi ga abin da ke hannu. Bel ɗin ƙugu kuma yana ɗumama wurin yana tallafe shi, kamar yadda ɗaurin zani ke yi wa mai jego. Gadon nan mai zafi da ake kiran mutane su hau kyauta, ki duba da kyau: macen da rabonta da kwanciyar rana tun wankan jego, an kwantar da ita rabin sa'a a kan abu mai ɗumi, an ce kada ta yi komai. Ai dole bayanta ya gode. Tawul da ruwan ɗumi ma za su ba ta rabin wannan. Kyautar kuwa, banza ba ta kai zomo kasuwa, bayan 'yan kwanaki za a fara zancen "ki mallaki naki a gida".

Sannan mu faɗa wa juna gaskiya, wadda ta saya bai yi mata ba shiru take yi. Ta jefa shi cikin kwalla, ba ta son maigida ya tambayi kuɗin, ba ta son kishiya ta ji. Waɗanda ake kira gaban taro su riƙe lasifika su ne waɗanda suka ji daɗi, da waɗanda ke da kamisho.

Akwai wasan da suke yi a taro wanda ke ɗauke wa mutane hankali. A ce ki tsaya da ƙafa ɗaya ki miƙa hannu, mai talla ya danna hannun ki yi tangal-tangal. A sa miki abin wuya, ya sake dannawa, sai ki tsaya cak, zaure ya ɗauki tafi. Sirrin yana hannunsa. Da farko yana dannawa yana ɗan ja waje, karo na biyu yana dannawa yana turawa ta wajen ƙafar da kika tsaya a kai, ga shi kuma kin riga kin shirya. Da irin wannan wasan aka sayar da wani awarwaron roba mai suna Power Balance, wanda manyan 'yan wasa suka riƙa sawa. A watan Disamba na 2010 hukumar kare masu saye ta Ostareliya ta sa kamfanin ya fito ya amsa cewa ba shi da wata ingantacciyar hujjar kimiyya, ya kuma yi tayin mayar da kuɗi. Shekara ba ta cika zagayowa ba ya shiga kotu neman kariya daga masu bin sa bashi. In aka zo mana da wasan nan, mu ce a sa abin a ambulan, a kawo wata ambulan da dutse a ciki, a cakuɗa, kada mai dannawar ya san wacce ce a aljihunmu. Sai mu ga.

Haka robar nan da ake zuba ruwan gishiri a tsoma ƙafa, ruwa ya koma ja kamar na kwata, a ce dattin jikinki ne ya fito. Ƙarfen da ke cikin ruwan ne lantarki ke sa shi tsatsa. A kunna ta babu ƙafar kowa a ciki, ruwan zai yi launinsa. Ita kuwa kwamfutar da ake ba ki wani ɗan ƙarfe ki riƙe, cikin minti guda ta fito da hanta da ƙoda da mahaifa duk a jere, gwajin hanta da ƙoda na gaskiya sai an ɗebi jini ko fitsari an kai ɗakin gwaji. Kuma ku lura, duk cutar da ta gano, maganinta na cikin jakar mai na'urar.

Wasu kan ce to ko bai yi amfani ba ai ba ya cutarwa. A watan Disamba na 2021 hukumar kula da sinadaran nukiliya ta ƙasar Holan ta gargaɗi mutane a kan kaya guda goma irin waɗannan, ciki har da abin wuya mai suna "quantum" da awarwaron yara. Da aka auna su sai aka tarar suna fitar da irin tururin nan na nukiliya, kaɗan-kaɗan, wanda in an daɗe ana sawa zai iya taɓa fata. Ta ce a cire su a ajiye nesa da jiki. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya kuma, mayen ƙarfe kusa da ƙirji na iya rikita ta. Iyaye mata, ga tamu: in awarwaro ya tsinke, yaro ya haɗiye ƙwayoyin guda biyu, suna iya manne wa juna ta jikin hanji su huda shi. Wannan sai tiyata.

Amma cutarwar da ta fi yawa ita ce ta jinkiri. Ba duk ciwon baya ne na gajiya ba. Ciwon baya da rama da zazzaɓin dare yana iya zama tarin fuka na ƙashin baya, kuma yana da magani. In ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ya fara zuba ba a sani ba, ranar za a tafi asibiti, ba gobe ba. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi ba ta jira. Yaron da hannuwansa da ƙafafunsa ke kumbura yana kukan ƙashi, a gwada shi ko sikila ce. Mace mai ƙulli a nono da ciwon ƙashi kada ta tsaya ɗaura komai. Mafi muni kuma shi ne a ce wa mai hawan jini ko ciwon suga ta ajiye ƙwayarta tunda ta samu abin wuya. Duk wanda ya faɗa miki haka, ki tashi daga wurin, ko ɗan'uwanki ne.

Yanzu ga inda abin ya shafi ƙungiya kai tsaye. Yawancin kayan nan ba a shago ake sayar da su ba. Cewa ake ki sayi naki, ki yi rajista, ki kawo mutum biyu, su ma su kawo biyu-biyu, ke kina zaune kuɗi na shigowa. Mun yi lissafin a allo a ajinmu: 2, 4, 8, 16, haka. A hawa na 20 ana bukatar mutum sama da miliyan ɗaya. A hawa na 28 an wuce yawan mutanen Najeriya gaba ɗaya, har jarirai. Ke nan dole sarƙar ta tsaya, kuma a kan na ƙasa take tsayawa. Wa za ki kawo? Ƙanwarki, maƙwabciyarki, abokiyar adashinki. In kaya suka maƙale, rancen yana nan, ma'aji za ta zo karɓa, wadda ta tsaya miki ita za a bi, zumuncin shekaru ya lalace a kan abin da ko bashi ba mai ɗauka. Rancen nan zufar mai ƙosai ce da mai ƙuli-ƙuli da mai kitso. An tara shi ne don a ƙara jari.

To me za mu yi da gwiwar? Ba mu zo da alkawarin warkewa ba, don ma'aikaciyar jinyar ma ba ta yi mana ba. Abin da ta ce shi ne, gaɓar da ta zaizaye ba ta komawa sabuwa, amma ana rage mata wahala sosai. Duk kilo ɗaya da mai ƙiba ta rage, kamar an sauke wa gwiwa kilo huɗu ne a kowane taku. Ƙarfafa naman cinya yana tallafar gwiwa: ki zauna a kujera ki miƙe ƙafa ki riƙe, ki sauke a hankali, ko a rumfa kina jiran ciniki za ki iya. Tafiya daidai gwargwado ta fi kwanciya, ga baya ma haka. A sami kujera mai tsayi a rumfa maimakon tsugune, a raba kaya gida biyu ko a biya mai baro. Gashi da ruwan ɗumi, da maganin shafawa wanda likita ko ƙwararren mai kemis ya bayar. Ƙwayoyin nan na haɗi da ake ƙullawa a leda ba suna, mu guje su, don a ciki ake samun masu huda ciki da kashe ƙoda. Manyan asibitocin gwamnati da yawa suna da sashen gashin ƙashi, na kusa da Kano kuma ga asibitin ƙashi na Dala. Su ma suna da na'urorinsu na zafi da na lantarki, amma sai sun duba ki tukun, kuma motsa jikin da za su koya miki shi ne babban aikin.

Saboda haka Hajiya Shugaba, muna da roƙo ga kwamiti. A rubuta a dokar rance cewa ba a bayar da kuɗin ƙungiya don sayen waɗannan kaya, ko don shiga kasuwancin kawo-biyu. Kada a ƙara ba mai tallarsu fili a taronmu na wata, ko da ya ce zai raba lemo. A maimakon haka a buɗe ɗan asusun lafiya, kowa ta riƙa jefa abin da ya sauƙaƙa, don wadda ciwo ya kama ta samu kuɗin mota da na kati da na gwaji. A kuma nemo mana ma'aikaciyar gashin ƙashi mace ta zo ta koya mana motsa jiki, ko sau biyu a shekara. 'Yan'uwanmu da suka riga suka ɗauki kaya da rance, muna roƙon a zauna da su a asirce a sassauta musu biya, kada a kira sunan kowa a taro. Iyayen gida kuma, don Allah in ta faɗa muku, a bi ta a hankali, ciwo ne ya kai ta.

Sakatariya ta ce za ta sa wannan roƙo a jerin abubuwan da za a kaɗa wa ƙuri'a a taron wata mai zuwa. Duk mai awarwaro ko abin wuya a gida ta taho da shi ranar, mu za mu zo da allura da zani da ambulan biyu, a yi gwajin a gaban kowa kafin a ɗaga hannu.